Daga Satar Shanu Zuwa Harajin Noma: Yadda Manyan Laifuka Suka Sauya Kama a Ɗansadau, 2011 Zuwa 2022

Tsakure

Maƙalar ta bi sawun laifukan zubar da jini a Ɗansadau da ƙauyukan masarautarta, a ƙaramar hukumar Maru ta jihar Zamfara. Ta dogara ga rahoton kwamitin gwamnatin jiha na 2019 da aukuwar da kafafen labarai suka tabbatar. Hujjarta ita ce, yawan gawawwaki kaɗai ba ya nuna hawa ko saukar laifi a ƙaramin gari, domin kisa yakan ragu a daidai lokacin da mai laifi ya gama kafa ikonsa.

Gabatarwa

Ɗansadau gari ne na manoma da 'yan kasuwar hatsi, kimanin kilomita 100 kudu da Gusau, a gefen dajin Kuyambana wanda ya sada Zamfara da Birnin Gwari da jihar Neja. Ƙasar tana da albarka, kuma hanyar mota guda ce ta haɗa garin da babban birnin jiha, wadda ta ratsa Magami. Waɗannan abubuwa uku, wato daji, amfanin gona da tilon hanya, su ne ƙashin bayan duk abin da ya biyo baya.

Zangon ramuwar gayya

Satar shanu ta daɗe a yankin, amma a da ɓarawo dare yake bi, yana tsoron a gan shi. Abin ya canza ne wajen 2011, lokacin da 'yan banga da 'yan sa-kai suka soma yanke wa waɗanda ake zargi hukunci da hannunsu, sau da yawa a bainar jama'a ranar kasuwa, kuma akasarin waɗanda aka kashe Fulani makiyaya ne. Makiyayan da aka riga aka cinye musu burtali da makiyaya, aka tatse su a hannun alƙalai da hakimai, sai suka sami dalilin sayen bindiga. An kai hari Lingyaɗo a 2011, aka kashe fiye da mutum 20 a Ɗangulbi a 2012. A Afrilun 2014 aka auka wa taron 'yan banga a 'Yar Galadima, inda fiye da mutum 100 suka rasa rayukansu. Alamar wannan zango ita ce kisa mai yawa a rana ɗaya, kuma maharan sun san gidan wanda suke nema.

Zangon kuɗin fansa

Da shanu suka yi ƙaranci, mutum ya zama haja. Kashe masu haƙar zinare fiye da 30 a Bindin cikin Nuwamban 2016 ya nuna cewa neman dukiya ya fara rinjayar ramuwa. Gwamnatin Abdul'aziz Yari ta yi sulhu da jagoran 'yan bindiga Buharin Daji a ƙarshen shekarar, sulhun ya rushe, wani ɗan bindiga mai suna Dogo Giɗe kuma ya kashe Buharin a Maris na 2018. Mutuwarsa ba ta kawo sauƙi ba. Ta dai tarwatsa daba guda zuwa dabobi masu yawa, kowace da bakinta na ci. Kwamitin gwamnatin jiha na 2019, ƙarƙashin tsohon babban sufeton 'yan sanda M. D. Abubakar, ya ƙiyasta cewa daga 2011 zuwa 2019 an kashe mutum 6,319 a faɗin jihar, an kuma biya sama da naira biliyan 3 don fansar mutum 3,672.

Zangon haraji da matsalar ƙidaya

A nan ne manazarci ya fi fuskantar haɗarin yaudarar alƙaluma. Bayan sulhun Gwamna Bello Matawalle na 2019, da yarjejeniyoyin da ƙauyuka suka riƙa ƙullawa da kansu, labarin kisan kiyashi ya yi sauƙi a wasu wurare na ɗan lokaci. Wanda ke kallo daga Gusau ko Abuja zai rubuta cewa laifi ya ragu. Abin da ya faru a ƙasa daban ne. Ƙauye yana haɗa kuɗi kafin a bar shi ya yi shuka, ya sake haɗawa kafin girbi. Ana tilasta wa magidanta noma gonakin 'yan bindiga. Matafiyi daga Ɗansadau zuwa Gusau yana jiran rakiyar sojoji, wani lokaci na kwanaki, farashin buhun masara kuma yana faɗuwa a garin yana tashi a birni.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke shiga littafin ofishin 'yan sanda. Manomin da ya biya harajin noma ba zai kai ƙara ba, domin mai kwarmata labari yana iya zama maƙwabcinsa, kuma hukuncin daji ya fi na kotu saurin zuwa. Macen da aka yi wa fyaɗe a hanyar itace ta fi kowa shiru, danginta ma sukan taya ta rufewa saboda aurenta na gaba. Wannan shirun, a ganina, shi ne laifi mafi girma da ƙididdigarmu ke tafkawa a kan mutanen karkara: muna lissafa musu zaman lafiya alhali sayen ransu suke yi damina bayan damina.

Matakan da gwamnati ta ɗauka a 2021, wato katse layukan waya, rufe kasuwannin mako da taƙaita sayar da fetur, sun ƙara toshe kafar labari, ta yadda watannin da rahoto ya yi ƙaranci su ne watannin da ba a iya buga waya. Tuɓe rawanin Sarkin Ɗansadau a 2022, bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga, ya ƙara nuna cewa hatta majiyar da mai bincike ya saba dogara da ita tana buƙatar tantancewa.

Don haka duk ma'aunin da za a yi wa gari irin wannan ya kamata ya haɗa da yawan gonakin da aka bari ba a nome ba, da kuɗin da kowane ƙauye ya tara a shekara, da ranakun da mota ta iya fita ba rakiya, da tazarar farashin hatsi tsakanin kasuwar Ɗansadau da ta Gusau. Direbobin tasha da dillalan hatsi da limamai suna riƙe da waɗannan bayanai, kuma ana iya tattara su ba tare da an ambaci sunan kowa ba.