Zauren IGF: taron ƙasashe kan intanet wanda ba ya yanke hukunci

IGF zaure ne na shawara da Majalisar Ɗinkin Duniya take kira kowace shekara domin a tattauna yadda ake tafiyar da intanet. Asalinsa saɓani ne. A babban taron da aka yi a Janiba a 2003, aka ƙarasa a Tunis a 2005, ƙasashe da dama sun koka cewa ICANN, wadda ke kula da sunaye da adireshin intanet, tana ƙarƙashin kulawar gwamnatin Amurka ita kaɗai. Ba a cimma matsaya kan karɓe wannan iko ba, sai aka yi sulhu: a kafa zauren da kowa zai faɗi albarkacin bakinsa, amma ba a ƙuri'a, kuma abin da aka faɗa ba ya zama wajibi a kan kowace ƙasa. Zama na farko an yi shi a birnin Atens na Girka a 2006. Daga baya Masar ta karɓi baƙuncinsa a 2009, Kenya a 2011, Habasha a 2022, Saudiyya a 2024.

Wasu sukan ce taron shan shayi ne kawai. Mu dai ba mu tafi a kan wannan ra'ayi ba. Minista da ɗan kasuwa da malamin jami'a da wakilin ƙungiya suna zama a ɗaki ɗaya, kuma maganar da aka yi ta nanatawa a kan tsare sirrin mutane ko kare yara ko katse intanet lokacin zaɓe, ita ce masu rubuta doka suke komawa gida da ita. Amurka ma ta saki ragamar ICANN a 2016, bayan shekaru ana matsa mata a wannan zaure da wasunsa.

Inda gizo ke saƙa shi ne halarta. Ƙofa a buɗe take, rajista kyauta ce, amma kuɗin jirgi da biza da masauki sun fi ƙarfin mafi yawan mutanenmu, kuma yawancin ƙananan zama da Turanci ake yin su. Tafinta zuwa Larabci da Faransanci sai a manyan zama. Saboda haka kamfanoni da ƙasashe masu hali suke cika ɗakunan. Ɗalibin da ba shi da guzuri yana iya bin zaman ta wayarsa ya aika tambaya, ko ya nemi taron ƙasarsa, domin Najeriya da Ghana suna yin nasu, akwai kuma na Afirka ta Yamma.