Sutura, Sirri da Igiyar Aure

Masu nazarin jinsi sukan ɗauki karɓar kai tamkar yaƙin da mutum yake yi shi kaɗai da zuciyarsa. Ga magidancin da ke sanya kayan mata, ko wanda ke jin cewa a can ciki shi mace ne, wannan fahimta ba ta isa ba. Akwai wata a ɗakin, kuma kwanciyar hankalinsa tana rataye da abin da ta sani da lokacin da ta san shi.

Jan Morris, marubuciyar Birtaniya da aka haifa namiji a 1926, ta auri Elizabeth Tuckniss a 1949. A littafinta Conundrum na 1974 ta bayyana cewa ba ta ɓoye wa Elizabeth halinta ba tun kafin aure. Bayan tiyatar sauya jinsi a Kasablanka a 1972, doka ta raba aurensu a takarda, amma suka ci gaba da zama gida ɗaya a Wales har Morris ta rasu a 2020. A ganina gaskiyar da aka faɗa tun farko ce ta riƙe gidan. Matar da ta tsinci kayan a ƙasan akwati bayan shekaru tana zaune da mutum, abin da ke ƙona mata rai shi ne yaudarar, fiye da zanen.

Sai dai faɗin gaskiya ba ya ɗauke nauyin duka. Helen Boyd ta Amurka, wadda ita ma ta san halin mijinta kafin aure, ta rubuta My Husband Betty a 2003, sannan a littafinta na 2007 ta fito da fargabarta cewa mijin da ta aura yana suɓuce mata a hankali. Shi yana samun sauƙin rai, ita tana juyayi, duk a lokaci guda, kuma zalunci ne a kira juyayinta ƙiyayya.

Batun ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Rudolf Gaudio, a bincikensa na Kano da ya fito a 2009, ya nuna cewa 'yan daudu da dama suna aure suna haihuwa. Littafin nasa ya tsaya ne kan su kansu 'yan daudun. Matansu, waɗanda ke shan gorin dangi da maƙwabta a gidan biki da suna, sun cancanci mai nazari ya zauna ya saurare su.