Shayin Kayan Ƙamshi na Indiya: Tarihinsa da Asalin Sunansa

1.0 Gabatarwa

Akwai wata magana da ta yaɗu cewa shayin kayan ƙamshi, wanda Indiyawa ke kira masala cai, ya shekara dubbai ana shan sa. Wannan maƙala za ta nuna cewa an cakuɗa abubuwa biyu ne waɗanda tarihinsu ya sha bamban, wato jiƙon magani da kuma ganyen shayi.

2.0 Jiƙo Kafin Ganye

Tun fil azal, masu maganin gargajiyar Indiya, wato Ayurbeda, sukan dafa citta da kirfa da kanumfari da barkono baƙi, su bai wa mai mura ko mai kumburin ciki. Sunan wannan jiƙo kadha, kuma babu ganyen shayi a cikinsa.

Shi ganyen, a matsayin hajar kasuwa, Turawan Ingila ne suka ɗaukaka shi. A 1823 Robert Bruce ya sami labarin cewa itacen na fitowa a dajin Asam, inda ƙabilar Singpho suka daɗe suna amfani da shi. Da kamfanin East India ya rasa kakagidan da ya yi a cinikin ƙasar Sin a 1833, sai aka kafa kwamitin shayi a 1834. A watan Janairun 1839 aka yi gwanjon shayin Asam na farko a Landan. Amma fa noman nan don Turai aka yi shi. Talakan Indiya da ke tsinkar ganyen bai san daɗinsa ba.

3.0 Yadda Aka Haɗa Su

Sai a farkon ƙarni na 20, musamman bayan dokar harajin shayi ta 1903, masu gonaki suka juyo ga kasuwar cikin gida. Da kuɗin harajin aka riƙa tallata shayi a tashoshin jiragen ƙasa da masana'antu, har ana bi gida-gida ana koya wa mata yadda Bature ke jiƙa shi. A nan ne masu shayi na bakin hanya suka yi tasu dabarar. Ganye na da tsada, don haka suka rage shi, suka yawaita madara da sukari, suka zuba kayan ƙamshin da harshen jama'a ya riga ya saba da su. Masu gonaki ba su so haka ba, domin a ganinsu algus ne da ke rage musu ciniki, amma abin ya fi ƙarfinsu. Na'urar niƙa ganye ta koma da shi tsaki-tsaki, wadda William McKercher ya ƙirƙira a farkon shekarun 1930, ta yaɗu a shekarun 1960. Ita ta karya farashi, ta kuma samar da ganye mai ƙarfi wanda madara ba ta danne shi.

Daga nan ya shiga madafar kowane gida. Akan daddaka ɗanyar citta da 'yan ƙwayoyin nan masu ƙamshi da suke kira ilaici, a tafasa da ruwa, a zuba ganye, sannan madara da sukari, a bari ya taso sau biyu ko uku kafin a tace. Babu ƙayyadadden ma'auni, kowace uwargida da hannunta.

4.0 Kalmar Shayi

Kalmar cai ta Indiya da shayi ta Hausa 'yan gida ɗaya ne. Tushensu ca ta Sinanci, wadda ta biyo hanyar fatake ta ƙasa ta zama cay a Farisanci, ta zama shay a Larabci, Hausa kuma ta ara daga Larabawa, ta ƙara wasali a ƙarshe kamar yadda ta saba yi wa kalmomin aro. (Karin sauti ne ya raba ta da shayi mai ma'anar kaciya.) Ita kuwa ti, daga te ta yankin Fujiyan ta fito, 'yan Holan suka kai ta Turai ta teku, Ingilishi ya miƙo wa Hausa ita a zamanin mulkin mallaka. Ke nan Hausa ta gaji rassan biyu duka. Shagunan Amurka ma, da suka fara cinikinsa gadan-gadan a shekarun 1990, rassan biyu suka haɗa suka ce chai tea, wanda fassararsa ba ta wuce "shayin shayi" ba.