Daga Uwar Shaihu Umar Zuwa Rabi Matar Alhaji Abdu: Tarihin Wahalar Gida a Littattafan Hausa

An daɗe ana cewa marubutan Hausa na dā hikima da jarunta suka rubuta, na yanzu kuwa ba su san komai ba sai kishi da saki da kukan mata. Wanda ya bi tarihin daki-daki zai ga maganar ba haka take ba. Wahalar gida tana cikin adabinmu tun fil azal. Abu biyu ne suka sauya: bakin da ke ba da labarin, da wanda ake ɗora wa laifi.

Tun kafin boko, tatsuniya ta riga ta shiga tsakar gida. Waye bai san marainiyar da kishiyar uwa ke aika wa rafi mai nisa ba, ko bora da 'yarta da ke cin ƙanzo alhali mowa na cin gaban tukunya? Mata ne ke ba da waɗannan labarai da dare, kuma sun san abin da suke faɗa. Sai dai a tatsuniya mafita daga aljani ko wata tsohuwa a bakin ruwa take zuwa, kuma maigida ba ya cika shan zargi.

A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar ƙaga labari da Hausar boko. Ita ta haifar da littattafai biyar da aka san su: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin. Uku na farko yawon duniya ne da yaƙi da dabarun ɓarayi. Biyun ƙarshe kuwa labarin rushewar iyali ne.

Ku dubi Shaihu Umar. Yaro ne maraya daga Kagara, uwarsa ta auri Makau, bafaden da sarki ke ji da shi. 'Yan uwansa fadawa suka ƙulla masa sharri, aka kore shi daga gari. Daga nan gida ya watse. Aka sace yaron, har ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya ƙetare hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗa, ya ba shi ilimi. Ita kuwa uwar ta kasa zama, ta fita neman ɗanta, aka kama ta aka bautar, ita ma aka bi da ita ta hamada. Bayan shekaru suka haɗu, ba ta daɗe ba ta cika. Duk littafin babu wanda ya sha azaba kamar wannan mata, amma ba daga bakinta muka ji ba. Ɗanta ne, bayan ya zama shaihin malami, yake ba almajiransa labari. Kuma masifar daga waje ta shigo: hassadar fada, masu satar mutane, fataken bayi. Shi gidan a kan kansa lafiya lau yake.

Jiki Magayi ya ɗan matso kusa. Abubakar na son Zainab, attajiri Malam Shehu ya zo da dukiya ya aure ta. Abubakar ya shiga duniya neman asirin ramuwa, asirin ya faɗa kan Kyauta, ɗan da aka haifa a auren, ya tashi ɓarawo, ya zame wa iyayensa bala'i. A nan an taɓo auren kuɗi, amma rikicin na maza biyu ne. Zainab abin da ake faɗa a kai ce kawai.

A tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa mai suna Baba a ƙasar Zazzau, ta rubuta tarihin rayuwarta: aurarrakinta, zaman kishi, rashin haihuwa, riƙon 'ya'yan wasu, harin masu kama bayi. Littafin ya fito a 1954 da sunan Baba of Karo. Ga mace Bahaushiya ta yi magana da bakinta, amma da Turanci aka fara buga shi, don haka matan da labarin ya shafa ba su ne suka karanta ba. A fagen wasan kwaikwayo kuma Uwar Gulma na Mohammed Sada ya nuna wa 'yan makaranta irin zaman da Halima ta yi da Hayatu, miji marar kula. Sannu a hankali yatsa ya fara nuna cikin gida.

A 1980 kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga littattafan da suka yi nasara a gasarsa: Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Na ƙarshen nan shi ake lissafawa a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa, kuma a kan yarinya Bafulatana yake, wadda ta tsaya kan zaɓinta duk da adawar dangi. A 1984 Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina, ta nuna cewa marubuci na iya kai rubutunsa maɗaba'a da kansa, ba sai ya jira babban kamfani ba.

Lokacin ya zo daidai da abubuwa biyu. Yaran da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kwasa sun girma, sun iya karatun Hausa, mata da yawa a cikinsu. Sannan tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida ya zo a 1986, darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, magidanta kuma suka fara kasa ɗaukar nauyin gida. Ga masu karatu, ga abin faɗa, ga ƙananan maɗaba'u a Kano. Abin da ya rage kawai mai faɗa.

A nan Balaraba Ramat Yakubu ta shigo. Ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad ce, amma wannan bai hana a cire ta daga makaranta a yi mata aure tana wajen shekara 13 ba. Auren bai ɗore ba, sai daga baya ta koma karatu a ajin manya. Ta fara da Budurwar Zuciya a 1987, sannan a 1990 ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne. A na farkon, Abu yarinya ce da aka raba da makaranta aka aurar wa dattijo Sarkin Noma, ta gudu Kano, ta yi karatu har ta tsaya da ƙafarta.

Alhaki Kuykuyo Ne kuwa shi ne inda tarihin ya juya gaba ɗaya. Rabi na da 'ya'ya tara. Mijinta Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai rufin asiri, amma abin da yake bayarwa na cefane ba ya kai wa ko'ina, kuɗin na tafiya wajen Delu, matar bariki. Ya auro Delu, rigima ta tashi, ya saki Rabi ya kore ta da 'ya'yanta. Babu aljani, babu tsohuwa a bakin rafi. Rabi ta kama sayar da abinci, da shi ta ciyar da yara ta biya kuɗin makaranta, har 'yarta Saudatu ta yi aure na mutunci. Shi kuwa Alhaji gobara ta cinye shagonsa, mota ta salwanta, Delu ta juya masa baya. Sai dangi suka taru a kan Rabi, a yi haƙuri a karɓe shi. Mai karatu zai rufe littafin yana tambayar kansa, shin wannan sakayya ce ko sabon kaya aka ɗora mata? Ku kwatanta da Shaihu Umar: can ɓarawon mutane ne ya raba uwa da gidanta, nan kuwa uban 'ya'yanta ne. Can ɗa ne ya ba da labari, nan muna cikin ɗakin matar, muna ƙirga kuɗin cefane tare da ita. A 2012 kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga fassarar littafin da Aliyu Kamal ya yi zuwa Turanci.

Ba ita kaɗai ba ce, kuma ba mata kaɗai ba. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya ratsa ko'ina da labarin Sumayya, 'yar masu hali da ta so talaka, aka matsa mata har ta faɗa rijiya. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda aka fi sani da Anti Bilki, ta bi wata hanyar a Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe? da Ki Yarda Da Ni: matanta ba su cika ficewa ba, da ilimi da addini da iya zama suke ƙwatar 'yancinsu a cikin gidan. Littattafan suna yawo hannu zuwa hannu, ana ba da hayarsu, ana karanta su a gidajen rediyo.

Ba a bar su sun sha ruwa ba. Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba za su yi ƙarko ba, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya musu, aka yi shekaru ana muhawara a jaridu. Iyaye da malamai suka ce suna ɓata tarbiyya. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona wasu da aka ƙwace daga hannun ɗalibai mata. Gaskiya akwai na banza a cikinsu, akwai masu kwaikwayon finafinan Indiya, akwai marasa gyara. Amma wani ɓangare na fushin daga wani wuri yake: al'ummar da ta ginu a kan rufin asiri ta wayi gari ana sayar da sirrin tsakar gidanta a bakin kasuwa.

Yau takarda ta ja baya, labaran sun koma waya, ana bin su a WhatsApp da Wattpad da YouTube. Jigon dai bai canja ba, sai ma faɗi da ya ƙara. Da BBC Hausa ta buɗe gasar Hikayata ta mata a 2016, labarin da ya fara lashewa shi ne Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira. A 2019 Maraici na Safiyya Ahmad ya zo na ɗaya. Rikicin da ke raba mutane da garuruwansu ya sa masifar waje ta dawo cikin labari, ta tarar da ta cikin gida tana nan.

Duk mai son sanin yadda tsadar rayuwa ta taɓa tukunyar Bahaushe daga 1986 zuwa yau, ko yadda bazawara mai 'ya'ya ke tashi bayan saki, ba zai samu a rahoton gwamnati kamar yadda zai samu a waɗannan ƙananan littattafai ba. An buga su a takarda marar ƙwari, da yawa ba a sake bugawa ba. In akwai su a akwatin gidanku, kada ku ba mai ƙosai. Ku adana, ko ku miƙa wa ɗakin karatu ko sashen Hausa na jami'ar da ke kusa da ku.