Tsibirin da Cutar Saifa Ta Rufe Shekara 48

'Yan'uwa masu harkar shanu da fata sun san saifa, wato antaras, cutar da ke kayar da saniya dare ɗaya. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yunwa ba ta kashe ƙwayarta. Idan abinci ya ƙare mata, sai ta tattara kanta cikin wani ƙwanso mai tauri, ta bushe, ta daina ci da haihuwa, ta kwanta cikin ƙasa tana jira. Zafin rana da fari ba sa yi mata komai. Likita Robert Koch na Jamus ne ya nuna haka a 1876.

Turawan Ingila sun ga zahiri. A 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, sojojinsu suka gwada bam mai ɗauke da ƙwayar a kan tumaki a tsibirin Gruinard da ke Sukotlan. Cikin 'yan kwanaki tumakin suka fara mutuwa. An ƙone gawarwakin, an binne, amma ina! Shekaru suna wucewa, ana auna ƙasar, ƙwayar tana nan da ranta. Sai a 1986 aka yi wa wurin feshin tan 280 na sinadarin fomaldihaid gauraye da ruwan teku, aka buɗe shi a 1990.

Da cutar ta ɓulla a wata gona a Suleja a Yulin 2023, wannan taurin ran ne ya sa likitocin dabbobi suka hana fiɗe mushen, domin da jinin ya sha iska ƙwayar za ta shige ƙwansonta.