Tarihin Gwajin Jini na Garkuwar Ƙarambau

A shekarar 1767 likitan Ingila William Heberden ya bambanta ƙarambau da agana, amma sai a 1953 Thomas Weller ya raya ƙwayar cutar a ɗakin bincike a Boston, inda daga bisani aka tabbatar cewa ita ce ke laɓewa a jijiyoyi shekaru da yawa, sannan ta farfaɗo da ƙuraje masu raɗaɗi a ɓari ɗaya na jiki. Wannan aiki ya buɗe hanyar auna garkuwa a jini, wato sinadaran da jiki ke ƙerawa bayan kamuwa, gwajin da ya fi amfanar masu juna biyu da ma'aikatan asibiti. Daga baya kuma, Amurka ta amince da rigakafin ƙarambau a 1995.