Bindigar Giwa: Daidai Ruwa, Daidai Tsaki

Matafiyin da ya bar Malanville, a bakin kogin Kwara, ya kama hanyar Kandi, zai ratsa garin Guéné. Yamma da garin akwai babban daji wanda Faransawa suka mai da shi gandun namun jeji a 1954, ana ce da shi Gandun W. Ƙasar giwa da ɓauna ce tun kaka da kakanni. Kowane maharbi kuwa da ya taɓa tsayawa gaban toron giwa ya sha fama da tambaya guda: wace bindiga ce za ta kā da giwa, ba ta kā da mai ita ba?

Maharbanmu na dā bindigar toka suka riƙe. Da yake harsashinta ba ya iya wa giwa, sai su cusa mata sango, watau gajeren mashi mai dafi. Su harba sau ɗaya, su gudu, sa'an nan su bi sawu har dafin ya gama aikinsa.

Turawa suka ɗauka girma shi ne magani. Frederick Selous, wanda ya fara farautar giwa a kudancin Afirka a 1872, ya yi aiki da bindiga mai cin dalma fiye da giram 100. Shurinta ya fi na jaki. Wata rana aka ɗura mata albarushi sau biyu bisa kuskure, da ya harba ta yi jifa da shi ƙasa. Shi kansa ya shaida daga baya cewa irin bindigogin nan sun sa masa fargabar harbi. Wanda kuwa yake tsoron bindigarsa, yakan runtse ido ya kuskure.

Sauƙi ya zo a 1898, sa'ad da kamfanin John Rigby na Ingila ya fito da harsashin .450 Nitro Express. Albarushinsa ba ya hayaƙi, nauyinsa wajen giram 31 ne kaɗai, amma saurinsa ya sa yana huda ƙashi. Aka haɗa shi da bindiga mai baki biyu, mai nauyin kilo 5 ko kusa da haka, gama nauyin bindiga shi ke shanye shurinta. Baki na biyu kuwa shi ne ran maharbi: in na fari ya kuskure, giwa ta taso, ba sai ya tsaya ɗuri ba. Ashe ba wadda ta fi girma ce ta fi ba, sai wadda kafaɗa ta iya.

Amma bindigar da ta tsare maharbi ba ta tsare giwa ba. Haure ya yi ta kwarara zuwa ƙetare, garkuna suka ragu, har ƙasashen duniya suka hana cinikinsa a tsakaninsu a 1989. Giwayen da suka saura kusa da Guéné suna cikin 'yan kaɗan da Afirka ta Yamma take da su. Ko jikokinmu za su gan su da ido, ko kuwa sai a tatsuniya?